Kumburin da Na Raɗa Wa Suna

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwana mata a shafinku, wani lokaci har in goge ƙwalla da gefen mayafi, ban taɓa kawowa a raina ni ma wata rana zan zauna in ba da nawa ba. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin mutanen da ke cikin labarin nan nawa ne, suna nan da ransu, kuma babu ko ɗaya da ya nufe ni da sharri.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ƙafin Maiyaki. Haifaffiyar Tudun Wada ce ni, a can na gama sakandare, aure ya kawo ni ƙasar Kiru. Ba ni da hayaniya. Aikina shara, girki, kiwon 'yan kajina, in na samu sarari in ɗauki Alƙur'ani. Maigidana manomi ne, idan sabuwar masara ta fito kuma yakan shiga ƙasar Doguwa ya saro ya kawo kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali da barkwanci, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, ƙanwar mahaifinsa ce ta raine shi, ita muke kira Gwaggo, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Ungozoma ce, rabin yaran ƙauyen a tafin hannunta suka faɗo duniya. In tana son tsokanata ta ce 'yar boko, in ta ga raina ya ɓaci ta ce ɗiyata. Abu ɗaya ne babu a gidanmu, shi ne kukan jariri. Mun haura shekara biyar da aure, ina ji ana kiran matan da aka kawo bayana da Maman wane, ni kuwa har lokacin amarya yaran unguwa suke ce mini.

A shekara ta biyu da aurenmu na taɓa yin ɓatan wata, har sau uku a jere. Ina tashin zuciya, ko warin daddawa ba na son ji. Sai wata safiya na ga jini, ba mai yawa ba, ya yi 'yan kwanaki ya ɗauke. Na shiga ɗaki na yi ta kuka, na ce ɓari na yi. Gwaggo ta biyo ni, ta kwantar da ni a tabarma, ta ɗora hannu a marata ta daɗe kamar mai saurare da yatsu. Can ta ce in share hawayena, wannan ba ɓari ba ne, cikin nan kwanciya ya yi. Ta ce wani yaron in ya tsorata ko ya ji sanyi sai ya naɗe ya yi barcinsa a cikin uwarsa, shekara ɗaya, biyu, har fiye, ranar da Allah ya so ya farka ya ci gaba da girma. Ta lissafo mini matan da ta san ya faru da su, har da uwar wani mai shayi na bakin titi, wai shi shekara huɗu ya yi a ciki, shi ya sa har yau in ka ce ya haɗa maka shayi sai ka yi gyangyaɗi kafin ya miƙo. Na yi dariya hawaye na zuba. Da al'adata ta dawo na gaya mata, ta ce ai haka kwantaccen ciki yake, jinin tsallake yaron yake yi.

Ni fa na yi makaranta. An zana mana mahaifa a allo, na san wata tara ne, na ma ci jarrabawa a kai. Amma wanda ya daɗe da ƙishirwa ko kawalwalniya ya hango ruwa yake gani. Maganar Gwaggo ta ba ni abin da zan riƙe, na kuwa riƙe ta hannu biyu. Sau biyu maigida yana cewa mu je asibiti a haska a gani, ina kawo dalili, yau ciwon kai, gobe wanki. Gaskiyar ita ce tsoron abin da injin zai faɗa nake yi. Shi ma da ya gane sai ya daina, ya mai da abin wasa. In na yi nauyin tashi da asuba ya ce in bar ɗora wa kaina laifi, yaron nan gado ya yi, danginsu ba sa wasa da barci.

Haka na zauna shekaru da wani a cikina wanda ni kaɗai nake hira da shi. In ina tankaɗe in gaya masa abin da zan dafa. In an yi ruwa in ce masa ka ji ƙamshin ƙasa? Bayan kowace salla in tofa addu'a a tafin hannu in shafa a marata. Har suna na raɗa masa a ɓoye, sunan mahaifina marigayi, ban gaya wa kowa ba. Akwai wani mafarki da nake yawan yi. Sai in gan shi ɗan mitsitsi, kwance a ƙarƙashin randarmu ta gindin mangwaro, a kan yashin nan mai sanyi da damshi, ya tura babban yatsa a baki. In miƙa hannu zan ɗauke shi, sai wata zuciyar ta ce bar shi, bai gama ba.

Daminar da abin ya faru an yi ruwa sosai. Gidanmu kuwa gidan tara ruwa ne: ga randuna, ga duro a ƙarƙashin indararo, ga tsofaffin tayoyi da aka danne rufin akurki da su, ga kaskon kaji, ga fasassun tukwanen Gwaggo da ba ta yarda a zubar. Ko'ina ruwa ya samu wurin zama. Na lura da wani irin sauro da ban saba gani ba, baƙi, ƙafafunsa da ratsin fari kamar an ɗiga masa alli. Ba ya jiran dare. Da hantsi ina wanke-wanke zai sauka a idon sawuna, da la'asar ina tsintar shinkafa ya dawo. Har kallonsa nake yi ina cewa ikon Allah, sauro da ado. Tunda a gidan sauro muke kwana, ban ɗauka akwai abin tsoro ba.

Zazzaɓin lokaci ɗaya ya kayar da ni. Da safe lafiyata ƙalau, kafin azahar ina karkarwa. Bayan idanuna kamar ana danna su da yatsa, ƙasusuwana kuwa kamar an zuba su a turmi ana kirɓawa. Kowa ya ce maleriya ce, me za a ce in ba ita ba? Maigida ya je kemis ya karɓo maganin maleriya da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, irin waɗanda ake ƙullowa a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa. In na sha sai ciwon ya lafa, in ya dawo in ƙara, ba na ma jiran lokaci ya yi. Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Ina kwance ina kallon hasken rana yana tafiya a jikin bango, ina jin kukan kurciya kamar daga wani gari, rufin ɗaki yana matsowa yana komawa. Daga baya zafin ya sauka, na yi gumi, na nemi kunu da bakina. Muka ce alhamdu lillahi, an rabu da bukar. Maigida da ya ga na tashi har na share tsakar gida, sai ya shirya ya tafi Doguwa, don abokan sana'arsa sun riga shi, ya ce ba zai wuce mako ba.

Akwai abubuwa biyu da na gani a jikina a lokacin na share. Wasu ƙananan jajayen ɗigo sun fito mini a hannu da ƙafa kamar bakin allura. Kuma in na yi asuwaki sai in ga kansa ya yi ja. Na ce zafin zazzaɓi ne yake fita.

Washegarin tafiyarsa na je rijiyar gida jan ruwa. Gwaggo ta ce in bari ta kira yara, na ce ai na warke, zaman ya ishe ni. Na cika guga, na fara ja, sai tari ya sarƙe ni gugan yana rataye. Maimakon in saki igiya sai na daddage. A nan na ji wani abu ya yage a cikina, ƙasa da cibiya ta gefen hagu, kamar yadda tela yake yaga sabon yadi. Na saki igiyar na durƙusa. Da na samu na rarrafa ɗaki na kwance zani, sai na ji wani ɗan ƙullutu a wurin, bai fi ƙwan zabuwa ba, da ɗumi, yana harbawa a hankali a ƙarƙashin yatsuna.

Gwaggo ta shigo da sauri. Ta durƙusa ta ɗora hannu, ta rufe ido, ta daɗe. Ina kallon fuskarta. Ta buɗe ido cike da ƙwalla ta ce, "Alhamdu lillahi. Ɗiyata, mai barci ya farka."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ciwon yana nan kamar an soka mini wuƙa an bar ta, amma sai na ji ɗakin ya yi haske. Ta ce zafin zazzaɓin nan ne ya tashe shi, ashe alheri ne ya zo da rigar cuta. Na tambaye ta me ya sa yake gefe ɗaya, ba a tsakiya ba. Ta ce wanda ya yi shekaru a kwance ai dole ya karkace, ko babba ne ya yi barci a gicciye sai an gyara masa kwanciya, kuma wannan aikinta ne, ba na 'yan boko ba. Daga ranar ta fara yi mini gyaran ciki safe da yamma. Ta dafa ruwa ta tsoma tsumma ta gasa wurin, sannan ta lakato man kaɗanya ta murza, tana turo ƙullutun zuwa tsakiya da ƙarfin tafin hannunta. Nakan cusa gefen zani a baki in cije don kada maƙwabta su ji. Tana yi tana yi masa magana, wai malalaci, tashi haka nan, ubanka ya tsufa yana jira. In ta gama in ɗauki ƙwayoyin nan na leda in sha don in samu in runtsa.

Kullum ƙullutun ya fi jiya girma. Daga ƙwan zabuwa ya koma kamar lemo, daga lemo ya koma kamar ɗanyar gwanda. Mu kuwa murna muke yi. Gwaggo takan auna shi da tafin hannu ta ce ka ga ɗan albarka, ramuwar shekarun da ya ɓata yake yi. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi: abin da yake cin raina muna zaune muna yi masa barka da girma.

Ba mu gaya wa kowa ba. Gwaggo ta ce baki ne ya kwantar da shi da farko, kada a sake. Asibiti kuwa ta ce kada ma in fara, hasken injin nan firgita yaro yake yi ya koma barci. Ni ma ga kunyar cikin fari, wadda a wurinmu mace ba ta buɗa baki ta ce ina da shi, sai dai a gani. Maigida yakan kira waya da yamma ya ce yaya jiki, in ce da sauƙi. Ya ce muryata ta yi ƙasa, in ce barci ne. Gwaggo tana gefe tana yi mini alama da hannu, wai in yi shiru, ita za ta yi albishir da bakinta, kuma ba za ta karɓi goron da ya gaza turmin atamfa ba.

Amma ni mai lura ce, kuma idona bai daina gani ba ko da zuciyata ta ƙi. Na lura abin ba can ciki yake ba, kamar a cikin naman cikin yake, dab da fata. In ina kwance na ɗaga kai daga matashi sai ya ƙara fitowa ya yi tauri, ciwon ya ninku har in ga wuta. Ruku'u ya gagare ni, na koma salla a zaune. Kewayen cibiyata ya canza launi, ya yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa baban rini. Tafin hannuna ya yi fari fat. Ga ƙishirwa, ga zuciyata tana bugawa kamar kalangu ko motsi ban yi ba. Wata Bafillatana da take kawo mana nono daga ruga ta dube ni wata safiya, ta ajiye ludayi, ta tambayi Gwaggo wa ya shanye wa amarya jini haka. Gwaggo ta ce mata ta auna nononta ta bar aikin likita, laulayi ne na masu rabo. Matar ta yi dariya ta ce Allah ya raba lafiya, amma har ta kai zaure tana waiwayena.

Duniyar ta koma mini wata iri, mai laushi, mai nisa. In na zauna a bakin ƙofa sai in ga ganyen mangwaro yana motsi a hankali kamar a ƙarƙashin ruwa. Muryar Gwaggo tana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. Ba na jin tsoro ko kaɗan. Wani irin daɗi nake ji, irin na wanda barci yake ɗauka a kan tabarma bayan ruwa ya ɗauke. Na riƙa cewa a raina, ashe haka masu ciki suke ji, ashe wannan ne abin da ake ɓoye mana. Yanzu na san jinina ne yake ƙarewa.

Ranar da maigida ya dawo ina sallar la'asar a zaune. Na sunkuya sujada, goshina ya taɓa darduma, sai na kasa ɗagowa. Ban ji ciwo ba. Sai kawai na gan ni a gindin mangwaro, randa a gefe, yaron ya tashi daga kan yashin nan. A karo na farko na ga idonsa a buɗe. Ya dube ni, ya juya ya kama tafiya, ya fita ta ƙofar baya ya shiga gonar masara. Na bi shi ina kiran sunan da na raɗa masa. Masarar ta fi ni tsawo, ganyenta yana shafar fuskata da sanyi, shi kuwa yana gaba, ba ya sauri, amma na kasa cim masa. Can gaba akwai wani fili mai haske, na san in na kai wurin zan huta. Sai na ji ana kiran sunana ta baya, da wata murya da ban taɓa jin ta da tsoro ba.

Na buɗe ido na gan ni a jikin maigida, rigarsa duk ƙurar hanya da ƙaiƙayin masara. Gwaggo tana tsaye a kansa tana cewa ya kwantar da hankalinsa, jiri ne na masu ciki, ya kawo goron albishir, abin da aka daɗe ana jira ya zo. Ya janye zanina kaɗan ya dubi cikina, ya ga kumburin da shuɗin da ya bazu har kwiɓi. Ya buɗe tafin hannuna ya duba, ya ja fatar idona ƙasa. Mutumin nan tunda nake da shi ban taɓa jin ya musa wa Gwaggo ko a kan gishirin miya ba. Ya ɗago kai ya ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Yau ba zan bi maganarki ba."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.

Hanyar ban riƙe ta duka ba. Na san an samo mota daga tasha, na san kaina yana kan cinyar Gwaggo, ina ganin gonaki suna wucewa kore shar ta taga, yayyafi yana sauka a gilashi. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar an tsaga ni. Asibitin da muka fara zuwa suka sa mini ƙarin ruwa, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce Kano. A can wata likita mace, ba ta girme ni da yawa ba, ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki ta ɗora kan injin da na yi shekaru ina gudu. Na juya kai ina kallon allon. Ina neman ɗan kai, ko hannu, ko ƙafa. Ba abin da na gani sai wani baƙin wuri mai faɗi, kamar ka leƙa rijiya. Ta gangara da abin ƙasa ta daɗe tana dubawa. Na ce, "Likita, yana da rai?"

Ta dube ni, ta dubi Gwaggo, na ga ta fahimci komai ba tare da an gaya mata ba. Ta ajiye abin hannunta ta kama nawa. Ta ce, "'Yar'uwa, babu ciki. Mahaifarki lafiya lau take, amma babu kowa a ciki. Wannan jini ne."

Daga baya, da sakamakon gwaji ya fito, ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce zazzaɓin da na yi ba maleriya ba ce, sunansa dengi, sauron nan mai ratsin fari mai cizon rana shi yake kawo shi. Ta ce hatsarinsa ya fi yawa a daidai lokacin da zafi ya sauka mutum yake ganin ya warke, domin a lokacin ƙwayoyin da suke sa jini ya tsaya sukan ragu ƙwarai. Ƙwayoyin ciwon jikin da na yi ta sha kuma, dangin asfirin, sun ƙara tsinka jinin. Da na daddage a bakin rijiya sai wata jijiya ta fashe a cikin naman da ya rufe ciki ta gaba, jini ya riƙa tsiyaya yana taruwa a wurin. Ta ce ba kasafai dengi yake yin haka ba, mafi yawan mutane suna warkewa ba tare da sun ga irin wannan ba, ita kanta ba ta cika gani ba. Sannan ta tambaya, a hankali, ko an taɓa danna wurin ko an gasa shi. Na buɗe baki zan ce a'a, sai Gwaggo ta riga ni. Ta ce ita ce, safe da yamma, da hannunta. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai duk lokacin da jijiyar ta so ta rufe, murzawar takan sake buɗe ta.

An ƙara mini jini, na maigida da na abokan sana'arsa da suka biyo mu har Kano. Aka ce in kwanta ban da motsi, ban da yunƙuri, in jinin bai tsaya ba sai an shiga da ni tiyata. Allah cikin ikonsa ya tsaya. Amma ba ciwon jikin ne ya fi yi mini nauyi a gadon nan ba. Makoki nake yi na wanda ba a haifa ba, ba a yi wa wanka ba, ba shi da kabarin da zan ce ga shi. Shekaru ina hira da shi, ashe ni kaɗai nake magana a ɗaki. Ba wanda zai zo mini gaisuwa, don ba wanda ya rasu. In na kai hannu marata don in shafa addu'a kamar yadda na saba, sai in tuna, in mai da hannun.

Gwaggo kuwa a ƙasa take zama, gefen gadona, ta ƙi hawa kujera. Ta daina tsokana, ta daina ce mini 'yar boko. Abinci sai maigida ya yi da gaske take taɓawa. Na lura hannuwanta kullum suna cikin mayafi. In zan sha ruwa sai ta kira ma'aikaciya ko matar gadon kusa, ita ba za ta taɓa ni ba. Wata rana da hantsi, ɗakin ya yi shiru, na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Ta fito da hannuwan tana kallonsu, ta ce, "Hannun da ya karɓi 'ya'yan mutane, shi ya tashi kashe mini tawa."

Na miƙa hannu na kamo nata. Ta so ta janye, na riƙe. Na ɗora shi a goshina, na ce mata mafarkin nan mu biyu muka yi shi, ita ta faɗa, ni kuma da na san wata tara ne na zaɓi in yarda. Na ce ba don ita ba da baƙin ciki ya daɗe da cinye ni a shekarun nan. Muka yi kuka mai isarmu, har matar gadon kusa ta taya mu ba tare da ta san dalili ba. Da muka gama Gwaggo ta share fuska ta ce to, 'yar boko, tunda an huce sai a tashi a sha kunu, kada ya huce shi ma.

Kumburin ya ɗauki watanni kafin ya baje. Shuɗin ya koma kore, ya koma ɗorawa, ya ɓace. Kafin in dawo gida maigida ya kwashe tayoyin nan, ya yi wa duro murfi, Gwaggo da kanta ta kife tukwanenta. Ranar da na fara samun ƙarfi na ce a ɗaga mini randar gindin mangwaro za a wanke. Da aka ɗaga na tsaya ina kallon gurbinta. Yashi ne mai damshi, da sawun gindin randa, sai wani ɗan gyare da ya yi tsalle ya shige ciyawa. Na daɗe a tsaye. Tun daga ranar ban sake yin mafarkin ba.

'Yan'uwana mata, abin da ya sa na rubuto ke nan. Ba kowane zazzaɓin damina ne maleriya ba, a je a gwada jini kafin a hau shan magani. Ku ji tsoron ƙwayoyin ciwon jiki na ƙulli a leda, likitar ta ce a irin wannan zazzaɓi farasitamol kaɗai ake yarda da shi. In zafi ya sauka kada ku ce an gama, ku huta, ku bar guga da taɓarya. In kun ga jini a dasashi, ko jajayen ɗigo a fata, ko ciwon ciki mai tsanani, ko kumburin da ya fito rana ɗaya, kada a gasa, kada a murza, a tafi asibiti a ranar. Ku rufe randa, ku kife duk abin da ruwa zai kwana a ciki. Ke kuma 'yar'uwata da aka ce miki cikinki kwanciya ya yi, na san daɗin maganar, na sha shi shekaru. Amma ki daure ki je a haska. Zuwa asibiti ba rashin tawakkali ba ne, kuma kunyar da za ta hana ki gaya wa mijinki kina ciwo ba kunya ba ce ta alheri. Shekarun da na yi ina gadin mai barci, da neman magani na yi da su da ya fi mini.

Yanzu muna zuwa ganin likitar mata ni da maigida, an ce akwai abin da za a iya gwadawa, sauran na Allah ne. Gwaggo har yau tana karɓar haihuwa, amma duk wadda ta zo mata da ciki sai ta ce a fara zuwa a haska tukuna, wai idonta ya tsufa, na injin ya fi gani. Sunan nan kuwa yana nan a wurina, ban ba kowa ba. In Allah ya kawo mai shi, ranar suna za a ji shi a bakin liman. In bai kawo ba, na gode masa da ya bar ni da raina, ya juyo da ni daga gonar masarar nan tun ban kai fili ba.